SAKATAR AKU

Shafi na 17

Masu damuna da saƙo tun jiya, ku sassauta mini, ga shi na kawo. Wanda yake da 'ya'ya ya samu wuri ya zauna kafin ya fara.

"To mun gama magana ke nan?" in ji Yaya, yana kaɗa makullin motarsa a ɗan yatsa.

Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya sake mayar da shi. "Mun gama, Yaya. Kai ka riƙe mini yarinyar hutun nan gaba ɗaya, ni kuma in gyara maka ƙaramin ɗakin nan. Gado da ƙofa."

"Gado na katakon kirki fa. Ba irin wanda kake yi wa mutane ba, ana zama yana kuka."

"Haba Yaya! A gaban rumfata za ka kashe mini kasuwa?"

"Rumfarka ko rumfata?"

Suka yi dariya. Ta Kafinta ta ɗan fi ƙarfi, kamar yadda dariyar ƙane take yi a gaban wan da ya riƙe shi.

"Ƙofar kuma," in ji Yaya, "kada ka sa mata sakata ta ciki. Ka san yara. Sai ta kulle kanta a zo ana neman mai fasawa."

"Gaskiyarka."

Suka yi musabaha.

Yaya wan Kafinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauke shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aiki, rumfar ma tasa ce. Motar haya yake ja, kuma yana da makullin gidan ƙanin nasa. Idan rana ta take ya sauke fasinja, can yake biyawa ya miƙe ƙafa. A lokacin Kafinta yana rumfa, matarsa tana shagon ɗinki, 'yarsu ɗaya tilo kuma ta dawo daga makaranta.

Aku ake ce mata. Shekararta tara. Surutu ya jawo mata sunan, don da can idan ta buɗe baki sai ka roƙe ta ta bar wa gobe saura.

Tun bara akun ta yi shiru.

Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana 'yar ƙarama. Ana zafi kamar a mutu, ita riga kan riga, wando kan wando. A makaranta ta ciji wata yarinya don kawai ta dafa ta ta baya. Uban da take hawa wuyansa, yanzu ko hannu ya miƙo sai ta zabura. Ga kuma sabon hali, ɗauke-ɗauke. Sakata uku suka ɓace a akwatin aikin Kafinta, da ƙusoshi, kuma an ga ƙusa a aljihun rigar makarantarta.

An kai ta wajen mai magani, an yi tofi, an yi faɗa, an yi duka. Ba abin da ya canza.

"Kai dai bar ni da ita," in ji Yaya yana buɗe mota. "Ba ka lura da na shigo take nutsuwa ba? Ko tari ba ta yi."

"Wallahi kai kaɗai take shakka. Ni na daka har hannuna ya gaji."

"Yaro ba duka yake so ba, ido yake so. Da la'asar zan zo. A haɗa mata kaya."

*

Kafinta ya rufe rumfa da azahar ya tafi gida. Ya tarar matarsa yau ba ta je shago ba, tana tsakar gida tana jan katifar Aku zuwa rana, ta ɗaure hanci da gefen ɗankwali.

"Yau ma?"

"Yau ma. Katifar nan ta kusa fara gaishe ni, don ta fi kowa ganina a gidan nan."

"To kin kusa hutawa. Haɗa mata kaya. Yaya zai ɗauke ta hutun nan."

Maman Aku ta saki katifar. "Kun yanke ke nan? Ni ba a tambaye ni ba?"

"Yanzu ba ga shi ina faɗa miki ba?"

"Faɗa daban, tambaya daban, Baban Aku. Yarinyar da ko wanka ba ta yarda in tsaya a kanta, ita za ka kai gidan wani?"

"Gidan wani? Gidan Yaya ne gidan wani?"

"Matarsa fa tun safe take fita kasuwa, sai magariba. Wa zai zauna da ita?"

"Shi mana. Ya ce zai rage fita."

Ƙarar faɗuwar kofi suka ji. Suka waiwaya. Aku ce a bakin ɗaki, cikin rigunanta biyu, ruwa ya zube a ƙafarta. Ba su san tun yaushe take tsaye ba.

"Yauwa, zo nan," in ji uban. "Gidan Baffanki za ki hutu. Har gado zan yi miki sabo, ki ga..."

Bai ƙarasa ba. Ta kwasa da gudu ta ratsa tsakaninsu ta faɗa banɗaki. Ƙofa ta bugu. Sai suka ji wani ɗan ƙarfe ya ce ƙaras.

Kafinta ya yi tsaki. "Kin ga irin abin da nake faɗa miki ko? Ke! Fito nan kafin in zo!"

Ya taka ya tura ƙofar da tafin hannu, yana jiran ta buɗe, don shi ya kafa ta da hannunsa kuma ya san ba ta da sakata. Shekara nawa matarsa na yi masa gorin gidan kafinta ba sakatar banɗaki, sai dai mutum ya yi gyaran murya.

Ƙofa ta ƙi motsi.

"Au! Nan kika kawo mini su? Ɓarauniyar banza! Maman Aku, miƙo mini guduma, yau sai na cire ƙofar nan gaba ɗaya."

"Ka bi a hankali dai."

"Miƙo mini na ce!"

Ta miƙa masa. Ya durƙusa yana neman inda zai sa bakin gudumar. A nan ya tsaya.

Mutum duk abin da ya yi shekara ashirin yana yi, idonsa yakan riga hankalinsa gani. Tsinin ƙusoshi ne suka ɓullo ta waje, daidai ƙugunsa, daidai inda hannun yarinya zai kai. Ƙusoshin sun yi wa katakon tsawo, wasu sun lanƙwashe, an buga su a karkace. Da dutse aka buga, ba da guduma ba. Wannan bai ba shi mamaki ba.

Abin da ke sama da su ne ya riƙe shi.

Tsofaffin ramukan ƙusa, jeri biyu. Kuma a jikin katakon da ƙofar ke rufuwa a kansa, wuri biyu ya tsage, tsagar ta yi ciki. Ya sa babban yatsa ya shafa. Ɗaya ta yi duhu, ta kwana biyu. Ɗaya fara ce tas, ko wata ba ta yi ba.

"Maman Aku."

"Na'am."

"Kin taɓa dukan ƙofar nan tana ciki?"

"Ni? Da wane ƙarfin? In ta shige sai dai in yi ta magiya har ta fito."

"Ba ki taɓa sa kafaɗa kin banke ta ba?"

"Wai me ka gani ne?"

"Zo ki duba. Sakata ta farko nan ta kafa ta. Aka banke, ta fita da katakon. Ta sake ɗauko ta biyu ta kafa nan. Aka sake bankewa. Wannan ta uku ce." Ya dafa wurin tsagar. "Katakon nan ni na zaɓe shi. Yaro ba ya tsaga shi. Mace ma sai ta sha wuya. Ƙato ne ya sa kafaɗa, daga waje."

"To ai kai ne ƙaton gidan."

"Ban taɓa ba."

"In ba kai ba, wa ke shigowa gidan nan ba ma..."

Ita ma ba ta ƙarasa ba. Ta dafe bango. Ya ga leɓenta na motsi, salati take yi, amma sauti ba ya fita.

Kafinta ya ajiye gudumar a ƙasa a hankali, yadda ba za ta yi ƙara ba. Ya zauna daɓas a kan siminti, ya jingina kafaɗa da bangon banɗakin.

"Aku."

Shiru.

"'Yar Baba. Na ajiye gudumar. Ba zan cire ƙofar ba. Kada ki buɗe ma, sai kin ga dama."

Numfashinta kawai yake ji, sama-sama, kamar na wanda ya yi gudu.

"Aikin nan naki, wa ya koya miki? Kin yi ƙoƙari fa. Ƙusar ce kawai ta yi tsawo. Da kin tambaye ni da na ba ki gajeru."

Can ƙasa-ƙasa murya ta fito. "Za ka dake ni."

Ya runtse ido. "Na daina. Wallahi na daina. Faɗa mini, wa kike kulle wa ƙofa?"

Shiru.

"Ni ne?"

"A'a."

"Mamanki?"

"A'a."

Sunan da ya fi kowane suna sauƙi a bakinsa tun yana yaro, yau ya ƙi faɗuwa. Matarsa ce ta durƙusa ta kai bakinta jikin ƙofa.

"Aku, ni ce. Ba sai kin faɗi suna ba. In mutumin da zai zo ɗaukarki yau ne, ki ƙwanƙwasa ƙofar sau ɗaya."

Suka jira. Kaza ta ratsa tsakar gida. A maƙwabta wani yana gyara rediyo.

Ƙwas.

Maman Aku ta cusa gefen zaninta a baki ta cije.

"Yana zuwa in ba ma nan?" ta tambaya.

"Eh."

"Yana yi miki abin da ba kya so?"

"Ya ce wasa ne." Muryar ta tsinke, ta sake haɗuwa. "Na ce ba na so. Na ce zan faɗa. Ya ce in na faɗa zai kori Baba daga rumfa, mu rasa abinci. Ya ce ba wanda zai yarda, za a ce ni ce 'yar banza. Kuma ai Baba ma ya ce ni 'yar banza ce."

Ku da kuke karantawa, kun taɓa ganin namiji yana kuka ba hawaye? Kafaɗu kawai ke rawa. Haka Kafinta ya yi.

Duk abin da suka yi shekara suna kira iskanci ya dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Rigunan nan biyu. Cizon da ta yi a makaranta. Alawar da Baffa ke kawo mata, da suka tarar a bayan randa tururuwa ta cinye, har ya zage ta da rashin godiya. Da kuma tsit ɗin da take yi idan Yaya ya yi sallama, ta sunkuyar da kai, hannuwa a cinya. Shi da bakinsa ya sha nuna wa baƙi, yana cewa ku ga ladabi, ku ga yadda take girmama Baffanta.

"Mama."

"Na'am, uwata."

"Ina ta wanka ba ya fita. Na lalace ko?"

"Ba ki lalace ba! Kin ji ni? Ko ƙwayar laifi ba ki da shi. Shi ne lalatacce, shi ne babba, shi ya san abin da yake yi."

"Baba ya yi fushi?"

Kafinta ya share fuska da tafin hannu. "Na yi fushi, amma ba da ke ba. Na yarda da ke, Aku. Duk abin da kika faɗa na yarda. Ba inda za ki. Kuma sakatar nan ba sata kika yi ba, taki ce. Ni ya kamata in kafa miki."

"Rumfar fa?"

"Rumfa ta ci gidansu. A gindin bishiya ma ana sassaƙa katako."

Daga ciki suka ji ta ja hanci. Sai kuka ya ɓalle mata, irin na yara, mai ƙarfi, baki buɗe. Rabon da su ji ta yi kuka da murya har sun manta. Ko dukanta ake yi, ido kawai take zubawa.

Ana cikin haka aka danna hon ɗin mota a ƙofar gida. Sau biyu, gajeru, yadda ya saba.

Kukan ya ɗauke kamar an kashe famfo.

Hannun Kafinta ya kai kan guduma. Matarsa ta taka ta da ƙafa.

"Sake ta."

"Matsa mini."

"Ka kashe shi a ɗaure ka, ita kuma ta zauna da wa? Ta ce saboda ta yi magana ne aka tafi da ubanta? Sake ta, Baban Aku. Uba take nema yau, ba gawa ba."

Ya saki. Ya miƙe ya tsaya a gaban ƙofar banɗakin, ya ba ta baya.

Makulli ya juya a ƙofar gida. Yaya ya shigo da sallamarsa mai daɗi, da leda a hannu. A bayansa ga Inna, mahaifiyarsu, tana dogara sanda.

"Na biya na ɗauko Inna, ta ce sai ta raka jikarta. Ina amaryar tawa? An haɗa kayan?"

Ba wanda ya amsa sallamar.

Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Lafiya? Kun yi cirko-cirko kamar an aiko da rasuwa. Ke, ba kya gaisuwa ne yau?"

"Sannu da zuwa, Inna," in ji Maman Aku, ba ta durƙusa ba.

"Ba za ta je ba," in ji Kafinta.

Yaya ya yi murmushi. "Kai da wa? Ba da safe muka gama magana ba? Ko madam ce ta juya ka? Inna, kin ga abin da nake gaya miki, yaron nan sai abin da aka ce masa a ɗaki."

"Ba za ta je ba, Yaya. Ba ni makullin gidana."

Murmushin bai tafi ba, amma idon ya bar fuskar Kafinta. Ya sauka kan ƙofar banɗaki, daidai wurin tsagar. Bai nemi wurin ba. Kai tsaye ya je.

"Me ta ce maka?"

"Wa ya ce maka ta ce wani abu?"



"Yarinyar da kowa ya san ba ta da lafiya," in ji Yaya, murya ta fara tashi. "Mai fitsarin kwance, mai sata, mai cizon mutane. Ita za ka saurara a kaina? Ni da na goya ka? Aku! Fito nan ki faɗa a gabana in ji!"

"Ka sake kiran sunanta," in ji Kafinta a hankali, "ka ga abin da zai faru."

Inna ba yarinya ba ce. Ta dubi babban ɗanta, ta dubi ƙaramin, ta dubi ƙofar da ke rufe. Na rantse ta gane, don fuskarta ta zube lokaci ɗaya. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne:

"A rufe ƙofar gida. Maƙwabta na ji."

"Inna, kin san abin da ya yi kuwa?"

"Ban sani ba, kuma ba na son in sani a tsaye. Ku shiga ɗaki. Duk abin da ya faru a cikin gida, a cikin gida ake kashe shi. Yarinya mace ce, gobe aure za ta yi. Ka fasa wannan magana, wa ka tona wa asiri? Shi ko ita?"

"Ka ji dai," in ji Yaya. Ya ciro makullin ya jefar a ƙasa. "Ga tsiyarka. Gobe kuma kada rana ta fito in tarar da ko ƙusa ɗaya taka a rumfata."

"Yau zan kwashe."

Maman Aku ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafinta a kafaɗa, da takalman Aku a hannu.

"Ina kuma za ki?" in ji Inna.

"Asibiti zan kai ta, Inna. Likita ya duba ta, a samo mata wanda zai riƙa zama da ita yana jin abin da ke ranta. Daga can kuma sai wajen hukuma."

"Hukuma? Ɗan nawa?"

"Ita ma 'yar wani ce."

"Kai kana tsaye matarka za ta kai ɗan'uwanka a ɗaure?"

"Ni zan riƙe mata jaka, Inna."

Tsohuwa ta juya, ta taka a hankali har bakin ƙofar gida, wadda ita kaɗai ce hanyar fita. Ta jingine sandarta. Ta zauna a kan dokin ƙofa, ta miƙe ƙafafu ta tare hanyar gaba ɗaya.

"To bismillah," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Duk wanda zai fita da maganar nan sai ya tsallake ni. Kai kuma in ka tsallake, kada ka sake kirana uwa."

Yaya ya koma gefe ya harɗe hannu.

Zuwa wannan lokaci, Aku ta samu uban da ya yarda da ita, kuma ba za ta kwana a gidan Baffa ba. Kafinta ya rasa wansa, ya rasa rumfa. Ga uwa kuma zaune a bakin ƙofa, tana jira ta ga ko ita ce ta uku da zai rasa.